Zafin da ba ya fitowa a hoton asibiti

A asibitoci da dama, tambaya ɗaya ake yi wa mai jin zafi: daga sifili zuwa goma, ciwon naka ya kai nawa? Hertz Nazaire, mai zane haifaffen Haiti da ya rayu a Amurka yana fama da cutar sikila, ya sha amsawa da goma, ya kuma sha ganin shakka a idon masu tambayar. Da lamba ta gaza masa sai ya koma ga fenti, ya zana azabar ya sa wa zanen suna Ten Redefined, wato sabuwar ma'anar goma. Ya rasu a 2021, amma har yau masu fafutukar sikila na amfani da zanensa wajen wayar da kai.

Matsalar da ya yi karo da ita tsohuwa ce. Karaya tana fitowa a hoto, zazzaɓi yana hawa a ma'auni, amma zafi ba shi da shaida sai bakin mai shi. Idan ƙwayoyin jini suka lanƙwashe kamar lauje suka toshe ƙananan hanyoyin jini, mutum na iya jin tamkar ana daka ƙashinsa a turmi, alhali wanda ke kallonsa bai ga komai ba. Daga nan zargi ke farawa: raki ne, ko kuwa ƙwaya yake nema.

A Landan, mai ɗaukar hoto Deborah Padfield ta kai aikin har ɗakin likita. Ta zauna da masu daɗaɗɗen ciwo a asibitin St Thomas, kowa ya faɗi abin da zafinsa ya yi kama da shi, su haɗa kayan tare a ɗauki hoto. An tattara hotunan a littafi a 2003. Daga baya irin wannan aiki ya haifar da katuna masu hoto, waɗanda majiyyaci ke zaɓa kafin ya shiga ganin likita, ya ajiye a kan tebur hira ta tashi daga nan. Dabarar ba ta rage zafi ko kaɗan, amma tana mayar da ragamar zance hannun mai ciwon.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ake ƙiyasin haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara. Waɗanda suka girma da ita suna nan a ma'aikatu da sakatariyar tarayya, sanye da kaftani mai guga, ana yi musu lissafin ranakun da ba su zo aiki ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Sai dai a idon ofisoshi da yawa, lalura ita ce keke ko sanda, kuma ma'aikacin da ya kwana yana murƙususu ya iso da safe a kan ƙafafunsa, takardar likita ake fara tambayarsa kafin a ce masa sannu.