Kayan Aikin Malamin Ƙauye

Kowane mai sana'a ana gane shi da kayan aikinsa. In ka ga mutum rataye da zabira, ka san akwai aska da ƙaho a ciki. In ka ji ƙarar masaba da hucin zugazugi, ba sai an gaya maka maƙera ka iso ba. To, malamin makaranta fa, mene ne cikin tasa zabirar? Da bara aka yi mana wannan tambaya, da mun amsa da sauri mu ce kwamfuta da majigi da intanet, gama su muka fi ji ana yabo a ɗakin karatu, su kuma muka rubuta a jarrabawa aka ba mu maki. Yanzu kuwa da muka komo daga gwajin koyarwa amsarmu ta sake. Shi ya sa muka ga ya kamata mu shaida wa 'yan'uwanmu da za a tura bayanmu, don kada su sha irin kunyar da muka sha.

An tura mu kudancin Kano, wata makarantar firamare a wani ƙauye kusa da dajin Ɗansoshiya, cikin ƙasar Kiru. Ƙasa ce ta noma da kiwo, tana maƙwabtaka da Bebeji, in an miƙa kudu kuma a tarar da Tudun Wada da Doguwa da dajin Falgore. A wannan daji na Ɗansoshiya ne gwamnatin Kano ta buɗe matsugunin makiyaya cikin 2020, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. Ajin da aka ba mu ya haɗa 'ya'yan manoma da 'ya'yan Fulani, waɗansunsu ma Hausa ba ta gama zama a bakinsu ba tukuna.

Mun tafi da shirinmu tsaf. Mun kwana muna tsara darasin lissafi cikin kwamfutar da muka aro, da hotuna masu launi, muna cewa gobe yaran ƙauye za su ga abin da ba su taɓa gani ba. Da gari ya waye muka nemi inda za mu jona, sai aka yi mana dariya, aka ce ai wutar lantarki ba ta zo nan ba. Kafin a gama kiran suna batir ya mutu. Muka ruga ofishin hedimasta neman taimako, can muka hangi wani kwali bisa kabad, ƙura ta rufe shi. Ashe na'urorin karatu ne na hannu da aka kawo wa makarantar tun da daɗewa, ba a taɓa ba yara sun riƙe ba. Da fari mun ga laifinsa, amma da ya yi mana bayani muka yi shiru. Ya ce an sa shi ya sa hannu a takarda ya karɓa, in ɗaya ta fashe shi za a tambaya, ba inda zai yi caji, ba mai gyara kusa, ba kuma wanda ya tsaya ya koya wa malamansa yadda ake aiki da su. Muka komo aji hannu rabbana, yara sun zuba mana ido.

Wani dattijon malami ne ya fid da mu. Ya aiki yara biyu bayan makaranta suka ɗebo karan dawa, ya sa aka yayyanka shi gajere-gajere kamar tsawon yatsa. Ya ce sili guda shi ne 1. In sili ya kai 10, a ɗaure shi da kaba ya zama ƙulli. In ƙulli ya kai 10, a haɗa shi ya zama dami, watau 100. Sa'an nan ya rubuta a allo a ɗebe 7 daga 32. Wata yarinya ta ajiye ƙulli 3 da sili 2 a gabanta, ta duba ta ga silin ba zai isa ba. Ba wanda ya ce mata kome, sai ta sa hannu ta kwance ƙulli ɗaya, sili ya zama 12, ta ware 7, ta ƙirga saura ta ce 25. Mu da muke tsaye muka dubi juna. Tun muna yara ake ce mana in lamba ta kasa sai a yi aro daga maƙwabciyarta, muka haddace, ba mu taɓa tambaya yaushe ake biyan wannan aro ba. Ashe ba aro ba ne, kwance ƙulli ne. Sai ran nan muka gane, a hannun 'yar aji biyu.

Daren nan muka zauna muna ta tunani, har magana ta kai mu ga allon da yawancinmu muka fara karatu da shi. Mun daɗe muna duban allo kamar abin da aka wuce, amma in an auna shi da ma'aunin kayan koyarwa, da wuya a sami wanda ya fi shi cika sharuɗɗa. Masassaƙin gari ne ke fafe shi daga itace irin su aduwa. Alƙalami daga gamba ko kara ake fiƙe shi, tawada kuwa zuge ne da ƙaro, yaro da kansa yake dafa abarsa. Kowane almajiri da nasa allon, yana riƙe da shi a hannu, ba a kulle shi a ofis. Abin da aka rubuta masa daidai ƙarfinsa ne: mai babbaƙu yana kan babbaƙunsa, mai farfaru yana kan nasa, wanda ya yi nisa yana can gaba, duk a zaure ɗaya, ba wanda ya tsare wani. Ba a wanke masa sai ya iya. In allon ya tsage, a ɗaure shi ko a sake wani ran kasuwa. Ba mu ce a mai da firamare makarantar allo ba. Abin da muka ɗauka shi ne tambayoyin da allo ya koya mana mu yi wa kowane kayan aiki da aka miƙo mana: zai kai hannun yaro, ko a hannun malami zai tsaya? Me yake ci, wuta ko mai ko data? In ya lalace wa zai gyara? Da wane harshe yake magana?

Waɗanda suka riga mu wannan aiki sun yi karo da waɗannan tambayoyi. Sa'ad da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano cikin 1909, babbar matsalar ita ce rashin abin da yara za su karanta da harshensu. Wannan rashi ne ya sa daga baya aka kafa Hukumar Talifi a Zariya, Dokta Rupert East ya sa gasar rubutu cikin 1933, aka sami littattafai irin su Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam da Shehu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ya biyo baya cikin 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fito cikin Janairu 1939. Littafi ya amsa tambayoyin nan duka, shi ya sa har yanzu ana karanta waɗannan a makarantu.

Na'urori kuwa labarinsu ya bambanta. Kakanninmu suna ba da labarin motar majigi, wadda takan zo gari da injinta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada da dare, a nuna yadda ake tsabtace rijiya ko noman auduga, wani yana fassara da lasifika. Mutane suna murna ƙwarai, amma da safe motar ta tashi, wanda bai gane ba ba shi da wanda zai ce wa a maimaita. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada koyarwa ta talabijin tun 1964 a 'yan makarantu kaɗan. Ƙasar Kodebuwa ta ɗauki abin da girma cikin 1971, ta baza akwatunan talabijin a azuzuwa har ƙauyuka, amma zuwa 1982 ta bari, saboda tsadar riƙonsa da ƙorafin iyaye da malamai. A nan gida ma an kafa cibiyar fasahar koyarwa ta ƙasa a Kaduna cikin 1977. Watau kwalin nan da muka gani bisa kabad ba shi ne na fari ba, yana da kakanni.

Daga ran nan muka sake dabara, muka fara duban abin da ƙasar ta tanada. Darasin da ya fi yi mana daɗi shi ne na labarin ƙasa. Littafin da ke hannunmu ya yi bayanin madatsar ruwa da Turancin da mu kanmu sai da muka karanta sau biyu, alhali kuwa madatsar Tiga tana nan ƙasar Bebeji, an gama ta cikin 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma akwai yaran da suka taɓa ganinta da idonsu. Muka fita fili, muka tara ƙasa wajen kudu ta zama tuddai irin na Riruwai, inda ake haƙar kuza. Muka ja kwari daga nan muka ce ga kogin Kano, ya ratsa Falgore ya gangaro arewa. Wani yaro ya zuba ruwa da buta, ruwan ya wuce fuu ya ɓace, muka ce haka kogin yake yi da damina, da rani kuwa sai yashi. Sa'an nan muka sa suka kwaɓa laka suka tare kwarin, suka soka guntun kara mai rami a ƙasan bangon, suka toshe shi da tsumma. Da aka sake zuba ruwa ya taru ya yi tafki. Aka zare tsumma, ruwa ya bi ƙananan hanyoyin da suka tona zuwa gonaki, muka ce ga Kadawa, ga Kura, ga inda shinkafa da tumatirin rani suke fitowa. Muka ci gaba da jan layin har kogin ya gamu da Challawa ya zama kogin Haɗeja, ya nufi tafkin Chadi. Nan wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, Malam, to in an tare ruwan a nan, mutanen can ƙasa me za su sha? Ba mu shirya wa wannan tambaya ba, ita ce kuwa tambayar da manyan masana suke ta muhawara a kanta game da fadamun Haɗeja da Nguru.

Kada a ɗauka mun zama maƙiyan na'ura. Akwai guda biyu da suka ci jarrabawarmu, su ne rediyo da wayar hannu. Rediyo ba ta da tsada, batir biyu sun ishe ta, ga ta kuma rataye a kafaɗar makiyayi tun kafin malami ya zo. Hukumar ilmin makiyaya ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1989 da mazauninta a Kaduna, ta yi aiki da shirye-shiryen rediyo don isa rugage. Cikin 2020 kuma, da aka rufe makarantu saboda annobar korona, ta rediyo aka riƙa ba yaran Kano darasi. Aibinta ɗaya ne da na majigi, ba ta jiran wanda bai gane ba. Maganin wannan yana cikin waya: a naɗi shirin, a sa shi cikin memori, a kunna a aji da 'yar lasifika, a tsayar a yi tambaya, a koma baya in an so.

Ita waya, kuskuren da mukan yi shi ne mu ɗaga ta sama mu ce wa aji guda su duba, alhali na sahun gaba ma da ƙyar suke gani. Amfaninta na malami ne da dare. Ran kasuwa mukan je inda sabis yake da ƙarfi mu sauko da abin da za mu bukata na mako, mu tura wa juna ba da data ba. Akwai African Storybook, wanda wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu ta kafa, yana da gajerun labarai na yara da Hausa, an kuma yarda kowa ya kwafa kyauta. Akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta buɗe tare da UNICEF cikin 2022. Mukan zaɓi labari guda, mu kwafe shi da manyan baƙaƙe bisa takardar buhun siminti ko bayan kwali, mu rataye a bango, sai ga littafin da na ƙarshen aji ma zai iya karantawa. Caji kuwa, ƙaramin faifan sola da muka haɗa kuɗi muka saya ya ɗauke mana zuwa wurin mai caji kullum.

Inda muka kasa shi ne wajen 'ya'yan Fulani. Kara da laka ba su da harshe, a nan sun yi daidai da kowa, har sun fi waɗansu saurin ƙirga. Amma da an zo karatu sai su yi tsit, gama labaran da muka kwafa da Hausa suke, ba kuwa ɗayanmu da ya iya Fillanci. Abin da muka iya yi kurum shi ne mu zaunar da wani babban yaro mai jin harsunan biyu kusa da su. Wannan ya rage, amma bai warkar ba, har muka taho akwai waɗanda ba mu taɓa jin muryarsu a darasin karatu ba.

Saboda haka muna roƙon malamanmu na kwaleji su ware mana lokaci kowane mako na yin kayan koyarwa da hannu, a kuma ba shi maki kamar yadda ake ba rubutu, don kowane ɗalibi ya fita da buhunsa na ƙullin kara da katunan baƙaƙe da labarai bisa kwali. Muna kuma neman 'yan'uwanmu masu jin Fillanci, mun san akwai su a cikinmu, su taimake mu mu naɗi ƙirga da gaisuwa da 'yan gajerun labarai a waya, kafin a tura waɗanda za su canje mu a Ɗansoshiya. Mukan taru ran Laraba bayan la'asar a gindin darbejiyar bayan ɗakin cin abinci. Wanda zai zo ya taho da wuƙa, da kowane irin tsohon kwali da ya samu.