miR-122: Ɗan Ƙaramin Sinadarin Hanta da Ke Fallasa Ciwo

Maikro-RNA wasu gajerun zaruruwa ne na RNA da ke cikin tantanin jiki, tsawon kowanne bai wuce haruffan gado 22 ko kusa da haka ba. Ba sa ƙera furotin. Aikinsu su manne wa saƙon da ƙwayar gado ta aika domin a ƙera furotin, su rage masa ƙarfi ko su sa a rushe shi. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka bankaɗo wannan tsari a 1993 cikin wata 'yar tsutsa, aka ba su kyautar Nobel a kai a 2024. Cikin ɗaruruwan da ke jikin mutum, kaɗan ne aka bi diddiginsu kamar miR-122.

Gidansa hanta. An fara gano shi a 2002, kuma ya kai fiye da rabin duk maikro-RNA da ke cikin hantar baligi, alhali a sauran gaɓoɓi da ƙyar ake ganin ɓurɓushinsa. Yana da hannu a sarrafa kitse, shi ya sa idan aka toshe shi kolestarol na jini yakan sauka.

A 2005 Catherine Jopling da Peter Sarnow na Jami'ar Stanford a Amurka suka gano abin da ba a zata ba. Ƙwayar cutar hanta nau'in C ba ta iya hayayyafa sosai sai da miR-122. Yana mannewa a wurare biyu a farkon zaren gadonta, ya kare shi daga sinadaran da ke cinye baƙon RNA. Abin da aka sani da danne saƙo, ga shi nan yana yi wa maƙiyi garkuwa. Daga nan dabarar magani ta fito: a bar ƙwayar cutar, a kama mai masaukinta.

Kamfanin Santaris na ƙasar Denmak ya haɗa miravirsen, wani zare mai haruffa 15 da ke damƙe miR-122 ya hana shi aiki. A gwajin da aka wallafa a 2013, an sa marasa lafiya 36, ana yin allura a ƙarƙashin fata sau ɗaya a mako har sau biyar. Ga waɗanda suka sami kaso mafi girma, yawan ƙwayar cutar a jini ya ragu kimanin ninki dubu, kuma ragin ya daɗe bayan an daina allurar. Wannan ba ƙaramar nasara ba ce, domin shi ne magani na farko mai auna maikro-RNA da aka gwada a jikin mutane.

Sai dai bai kai ga kasuwa ba. A ƙarshen 2013 aka amince da sofosbuvir, ƙwayar sha da ta buɗe hanyar warkar da mafi yawan masu cutar cikin makonni 12. Wani maganin mai kama da miravirsen, RG-101 na kamfanin Regulus, an dakatar da gwajinsa a 2016 bayan shawara ta kama wasu marasa lafiya. Ga kuma damuwa mai tushe: a 2012 an nuna cewa ɓerayen da aka cire wa miR-122 tun daga haihuwa kitse kan taru a hantarsu, ta kumbura, daga baya sankara ta biyo. A sankarar hantar mutum ma sau da yawa ana samun ya ragu. Toshe shi na tsawon lokaci abu ne da ke buƙatar taka-tsantsan ƙwarai.

Inda ya fi ba da fata yanzu shi ne ɓangaren gwaji. Idan tantanin hanta ya fashe, miR-122 yakan malalo cikin jini. A ɗauki wanda ya sha farasitamol fiye da kima aka kawo shi asibiti bayan sa'o'i kaɗan: yana zaune garau, idonsa fari, gwajin hanta na ALT da likitoci suka saba dogaro da shi bai motsa ba, amma hanta ta soma lalacewa. Makarin gubar, asetilsistin, ya fi aiki cikin sa'o'i takwas na farko, don haka kowane jinkiri hasara ne. Binciken James Dear na Jami'ar Edinbura da abokan aikinsa ya nuna miR-122 yana hawa kafin ALT, tun zuwan farko, kuma raunin tsoka ba ya ruɗa shi yadda yake ruɗa ALT.

Duk da haka bai zama gwajin yau da kullum ba. Yawansa a jinin masu lafiya yana bambanta sosai daga mutum zuwa mutum, wanda ke wahalar da tsayar da iyaka guda. Auna shi kuma ya dogara galibi da na'urar PCR, mai cin lokaci da kuɗi, shi ya sa masu bincike ke neman hanyar auna shi da ɗigon jinin yatsa a gefen gadon majinyaci.