Humphrey Jennings: mai shirya fim da ya nuna yaƙi ta idon talakawa

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Burtaniya tana da sashen shirya finafinai domin ƙarfafa wa jama'a gwiwa. Farfaganda ce, babu wani ɓoye-ɓoye. Sai dai wani ma'aikacin sashen, Humphrey Jennings, ya ƙi bin hanyar cika baki da kirarin janar-janar, ya maida hankali kan talakawan da bamabaman Jamus ke faɗa wa.

An haife shi a 1907 a ƙauyen Walberswick da ke gabashin Ingila, ya yi karatu a jami'ar Kambirij. Zane da rubuta waƙa ya fara yi, kafin ya shiga sashen fim na hukumar gidan waya a 1934.

Fim ɗinsa da ya fi shahara shi ne Listen to Britain, wato "Saurari Burtaniya", na 1942. Bai wuce minti 20 ba, kuma babu mai sharhi a cikinsa. Ƙarar injinan masana'anta kawai za ka ji, da jirgin ƙasa, da yara a filin makaranta, da ma'aikata suna sauraren kiɗa lokacin cin abinci. A Fires Were Started na 1943 kuwa, ƴan kwana-kwana na gaske ya ɗauko suka sake kwaikwayon dare ɗaya na kashe gobara a Landan.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne The Silent Village. A watan Yunin 1942, ƴan Nazi sun rusa ƙauyen Lidice na Cekoslobakiya, suka harbe mazan garin, suka kwashe mata da yara, don ramuwar kashe wani babban jami'insu, Reinhard Heydrich. Jennings ya tafi Cwmgiedd, wani ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales, ya zauna da mutanen, suka taka labarin tamkar su abin ya samu, har da magana da yarensu. Ba ƙwararren ɗan wasa ko ɗaya a ciki, kuma nan ne ƙarfin fim ɗin yake.

Ya rasu a Satumban 1950 yana da shekara 43, bayan ya faɗo daga kan dutse a tsibirin Poros na Girka, inda ya je neman wurin ɗaukar sabon fim.