Wuƙar Aljihu: Wace Iri Ya Kamata Manomi Ya Saya?



Tun da muka soma koyar da auren mangwaro da lemo a ƙungiyoyin manoma na ikilisiyoyinmu, tambaya ɗaya take ta dawowa: wace irin wuƙa za mu saya? Wasu sukan zo horo da reza, wasu da wuƙar girkin uwargida, wasu kuma da 'yar wuƙar nan mai ƙyalli da ake talla a tashar mota. A wani horo da muka yi, wani dattijo yana fiƙe reshen mangwaro, sai wuƙarsa ta naɗe ta rufe a kan yatsansa. Sai da aka kai shi asibiti aka yi masa ɗinki. Ya yi makonni bai riƙe fartanya ba, ga shi kuwa lokacin noman farko ne. Kuɗin da ya kashe a magani ya fi kuɗin wuƙa mai kyau nesa ba kusa ba.

Shawararmu ita ce: a sayi ƙaramar wuƙa mai naɗewa, mai makulli, wadda ruwanta na baƙin ƙarfe ne. Bari mu faɗi dalilin kowanne.

Me ya sa ƙarama?

Aikin da muke so ta yi ba sara ba ne. Adda da gatari suna nan don wannan. Wuƙar aljihu ta auren itace ce, da yanka irin doya, da tsinkar kuɓewa, da yanke igiya, da gyaran kofaton akuya. Ruwan wuƙa mai tsawon santimita 7 zuwa 9, wato kamar tsawon yatsan tsakiya, ya isa duk waɗannan. Idan ta fi haka, hannu ba ya iya sarrafa ta a kan reshe mai kaurin fensir. A nemi ruwa siriri, mai miƙaƙƙen baki, ba mai haƙora kamar zarto ba. Mai haƙora tana yaga ɓawo, kuma ba a iya wasa ta a kan dutse.

Me ya sa mai makulli?

Wuƙa mai naɗewa iri biyu ce. Akwai wadda sifirin kaɗai ke riƙe ta a buɗe, da zarar an danna bayanta sai ta rufe. Irin wannan ce ta ji wa dattijon nan ciwo. Akwai kuma wadda idan an buɗe ta sai ta kulle, ba za ta rufe ba sai mai ita ya saki makullin da kansa. Makullan da aka fi gani su ne:

1. Zoben wuya. Ana murɗa wani zoben ƙarfe da ke wuyan ƙota, sai ya tare hanyar ruwan. Wannan shi ne na wuƙar Opinel ta ƙasar Faransa, wadda Joseph Opinel ya soma ƙerawa a 1890. An ƙara mata zoben a 1955, kuma yana kan lamba 6 zuwa sama. Lamba 8, mai ruwa santimita 8.5, ta yi daidai da aikinmu.

2. Zoben ja. Akwai ɗan zobe a bayan ƙota, sai an ja shi sama kafin wuƙar ta rufe. Wannan shi ne na wuƙar Okapi, wadda aka soma yi a Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka. Tun 1988 a Afirka ta Kudu ake ƙera ta.

3. Madanni a baya. Ana danna wani wuri a bayan ƙota da babban yatsa, sai ruwan ya saki.

4. Falle a ciki. Wani siririn ƙarfe a cikin ƙota yakan tsaya a gindin ruwan, sai an tura shi gefe. Wajen rufe wannan, yatsa yana kan hanyar kaifi, don haka sai an kula.

Ba muna yi wa kowane kamfani talla ba ne. Mun ambaci waɗannan don ku gane makullin idan kun gan shi. Ku sani kuma akwai jabu da yawa masu ɗauke da sanannen suna. Kada suna ya ruɗe ku, a gwada wuƙar.

Me ya sa baƙin ƙarfe?

Ƙarfen wuƙa ma iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ba ya tsatsa da wuri, domin an haɗa shi da wani sinadari mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Na biyu shi ne wanda muke kira baƙin ƙarfe a nan, wato ƙarfe mai ɗan kabon a ciki, wajen kashi ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka. Kabon ɗin nan ne ke sa ƙarfe ya yi tauri idan an gasa shi an tsoma a ruwa ko mai. Ba baƙon abu ba ne a gare mu. Maƙeran garuruwanmu da ke ƙera wuƙa daga tsohon sifirin mota, dangin wannan ƙarfe suke aiki da shi.

Amfaninsa ga manomi shi ne yana ɗaukar kaifi sosai, kuma ana dawo masa da kaifin cikin 'yan mintoci a kan dutsen wasa wuƙa na gida. Akwai ƙarfe marar tsatsa mai kyau ƙwarai, amma yawancin masu arha da ke isowa kasuwanninmu laushi gare su, yau an wasa gobe sun dakushe.

Kaifi kuwa shi ne ran auren itace. A ƙarƙashin ɓawon reshe akwai wani siririn kore mai danshi. Idan wannan koren na uwar dashe da na reshen da aka kawo suka haɗu sosai, aure ya kama. Wuƙa mai kaifi tana yanka sumul da ja ɗaya. Dakusasshiya tana murƙushe koren, ta bar rami-rami inda iska za ta shiga, reshen ya bushe. Manomi ya yi wata da watanni yana ba dashe ruwa, sa'an nan ya yi hasara saboda wuƙa.

Aibin baƙin ƙarfe ɗaya ne: yana tsatsa. Wanda ya san ba zai goge wuƙarsa ba, ko wanda aikinsa kullum cikin ruwa ne kamar masunci, gara ya sayi marar tsatsa. A wuƙar Opinel an rubuta Carbone a jikin mai baƙin ƙarfe, Inox kuma a jikin marar tsatsa.

Gwaji kafin a biya kuɗi

1. A buɗe ta a kulle, sa'an nan a danna bayan ruwan a jikin benci, yatsu nesa da hanyar kaifi. Idan ta rufe ko ta motsa, a ajiye ta.
2. A girgiza ruwan hagu da dama. Idan yana rawa, ƙusar wuyan ba ta da ƙarfi.
3. A rufe ta a duba tsinin. Dole ya ɓuya duka cikin ƙota, in ba haka ba zai huda aljihu da cinya.
4. A duba ko ruwan a miƙe yake, ba tsagewa, ba gibi.
5. A riƙe ta a tafin hannu. Ƙota mai santsi za ta suɓuce idan hannu ya yi gumi. Mata 'yan zumunta su gwada buɗewa da rufewa da kansu, domin zoben wasu wuƙaƙe yana da tauri.

Ƙungiyar da ke da asusu za ta iya aiken mutum biyu da suka iya gwajin nan su sayo wa kowa a birni. Kuɗin mota ya ragu, kuma mai saye da yawa yana da bakin neman ragi.

Kula da ita

Bayan kowane aiki a goge ta ta bushe kafin a naɗe. A shafa mata ɗan man kaɗanya ko man gyaɗa. Kada a sa baƙin man inji idan za a yanka abin ci da ita. Ruwan lemo, ƙaron mangwaro da albasa za su sa ruwan ya yi duhu-duhu. Wannan ba lalacewa ba ce, har ma yana ɗan kare ƙarfen. Jar tsatsa ce abin gudu, a cuɗe ta da toka da ɗanyen tsumma, a goge, a shafa mai.

Wajen wasawa, a jiƙa dutse, a kwantar da ruwan a ɗan ɗaga bayansa kaɗan, a tura kamar ana so a yanko falle daga dutsen. A yi gefe biyu daidai, a ƙarasa a kan tsohon bel na fata. Kada a kai ta injin wasa adda, zafinsa yana kashe taurin bakin. Ƙotar itace takan kumbura da damina har ruwan ya ƙi fitowa. A shanya ta a inuwa, kada a jiƙa ta cikin ruwa.

Wajen aure, a goge wuƙa da sifirit kafin a tashi daga wata bishiya zuwa wata, don kada mu kai cuta da hannunmu. Ruwan bilic ma yana kashe cuta, amma yana cin baƙin ƙarfe.

Gargaɗi kan lafiya

Wuƙar gona ba ta taɓa jikin mutum. Kada a yanke cibiyar jariri da ita, kada a yi kaciya, ko tsaga, ko aski. Ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ba tsatsa ce ke haifar da ita ba, datti ne, saboda haka wuƙa mai ƙyalli ma tana iya ɗauke da ita. Ƙarfe ɗaya a jikin mutane da yawa kuma hanya ce ta ƙanjamau da ciwon hanta.

Idan an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada a zuba ƙasa, ko kashin shanu, ko man birki. Idan yankan ya yi zurfi, a je asibiti a ranar, a tambayi allurar tetanus.

Kayan aiki ce, ba makami ba

Mun san halin da wasu yankunanmu suka shiga. Wuƙa a aljihun saurayi a kasuwa, ko taron siyasa, ko shingen jami'an tsaro, tana iya jawo masa abin da bai yi zato ba, ta kuma ɓata sunan ikilisiya a idon maƙwabta. Muna roƙon iyaye da shugabannin matasa su tsaya a kan wannan. Wuƙa ta tafi gona ta dawo gida, a ajiye ta inda yara ba sa kaiwa. Ba ta zuwa sujada, ba ta zuwa makaranta. A guji irin mai maɓalli da ke fitowa da kanta, da mai kaifi biyu. Ba su da wani aiki a gona.

Duk abin da Allah ya sa a hannunmu amana ne, komai ƙanƙantarsa. Wanda zai zo horo na gaba ya zo da wuƙarsa da dutsensa, za mu soma da wasa wuƙa kafin mu taɓa dashe. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.