Amsar Takardunku: Mai Son Shiga Sana'ar Zanen Ƙwarya

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani saurayi manomi a ƙasar Katsina. Ya ce hannunsa ya faɗa da zane, har yana shawarar sayar da buhun gero biyu ya sayi duma ya kama sana'ar zanen ƙwarya. Yana tambaya, ta ina zai fara?

To malam, mun gode da takardarka. Amsa ta farko ita ce kada ka taɓa geron nan, abincin gida ba jari ba ne. Da rarrafe yaro kan tashi. Ka fara da ƙoƙo da ludayi, guda biyar ko goma, in ma da hali daga duman gonarka.

Ka zaɓi duman da ya ƙosa ya bushe sarai, don ɗanye motsewa yake yi. In ka fafe shi, ka jiƙa a ruwa har ɗacin ya fita, ka kankare cikin, ka shanya. Sannan ka fitar da zanen da gawayi ko fensir tukuna, kafin ka bi shi da wuƙa ko ƙarfe mai zafi, gama abin da wuta ta ci ba ya gyaruwa. Ka yi koyo a kan sakaina, kada ka ɓata ƙwarya mai kyau.

Sai batun ciniki, inda sababbin shiga suka fi faɗuwa. Ka san roba da kwanon silba sun cika kasuwa, saboda haka ka nemi masu bukatar ƙwarya da gaske, wato matan Fulani masu tallan nono, da masu fura, da iyayen amare masu haɗa kayan ɗaki. Lokacinka kuwa shi ne bayan kaka, sa'ad da kuɗi ke hannun mutane kuma bukukuwa suka yawaita.

Kafin ka sa suna, zauna ka yi lissafi: kuɗin duma, da gawayi, da kuɗin mota, da la'adar dillali. Ka ɗora ladan aikinka a kai, ka auna shi da abin da ake biyan ɗan ƙwadago a yini a garinku. Wanda ya taya ƙasa da haka, ka ce masa albarka. Wanda kuma ya ba ka aiki na musamman, kamar rubuta sunan amarya, ka karɓi kafin alƙalami, don in ya fasa ba mai sayen ƙwaryar.

Kada ka raina aikin hannu. Ladi Kwali a ƙauye ta koyi ginin tukwane, tana yi musu zane. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya sayi tukwanenta, a nan wani Bature ya gan su, har ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Ta rasu a 1984, kuma hotonta ne aka sa a bayan takardar naira 20. Amma fa ta daɗe tana sayarwa a kasuwannin ƙauye kafin nan.

Ka gwada kasuwa uku. In goman nan sun ƙare da riba, ka juya kuɗin ka ƙaro ashirin. In sun yi kwantai, geronka na nan a rumbu. Ka sake rubuto mana mu ji yadda ta kaya. Allah ya ba da sa'a, amin.