Shayi, Tambola da Ƙwanƙwasa Ƙofa: Rayuwa a Ofishin 'Yan Mazan Jiya a Wani Garin Ingila

A babban titin wani ƙaramin gari da ke kudancin Ingila, tsakanin shagon aski da ofishin dillalan gidaje, akwai wata ƙofa mai shuɗin fenti wadda baƙo zai yi ta wucewa bai lura da ita ba. In ka tura ta ka hau bene, ɗakuna biyu za ka tarar. Na farkon cike yake da kwalayen takardun yaƙin neman zaɓe, an jibge su har sun tare rabin taga. Ga injin buga takardu a lungu, ga butar shayi da kofuna kowanne da irinsa. A bango an manna taswirar garin da ƙauyukan kewaye, an bi kowane layi da alƙalami mai launi. Sama da ita hotunan Winston Churchill da Margaret Thatcher ne, rana ta koɗar da su. Nan ne ofishin reshen jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin mazan jiya, wadda Turawa ke yi wa laƙabi da Tori.

Birtaniya tana da mazaɓun majalisar dokoki 650, kuma a Ingila da Wales da Scotland da wuya ka sami mazaɓar da babu reshe irin wannan. Jam'iyyar ta fi kowace daɗewa a kan mulki a ƙarni na 20, ta kuma sake riƙe ƙasar daga 2010 zuwa 2024. Wanda ya san ta a talabijin kawai zai ɗauka ta attajirai ce zalla. Attajiran suna nan, suna kuma zuba miliyoyin fam a hedikwatarta da ke Landan. Amma ƙuri'a a ƙofar gida ake nemo ta, masu nemowar kuwa su ne mutanen da ke hawa wannan bene.

Mutum ɗaya ne ke karɓar albashi a ofishin, wato mai tsara ayyuka, shi ma sau da yawa mazaɓu biyu ko uku ne ke haɗa kuɗi su ɗauke shi. Shugaban reshe da mataimakansa, na harkar zaɓe da na kuɗi da rajista, duk 'yan sa-kai ne da ake zaɓa a babban taron shekara. Sauran kuwa manomi ne, da tsohon soja, da mai shagon kayan gini, da dattijuwar da ta yi ritaya daga banki. Wani bincike da malaman Jami'ar Queen Mary ta Landan suka jagoranta a 2017 ya nuna matsakaicin shekarun ɗan jam'iyyar 57 ne, kuma maza sun fi mata yawa. A teburin ninke takardu dai furfurar ta fi haka, kuma mata ne ke gaba.

Ba a sallamar kowa bayan taro. Ɗan jam'iyya shi ke biyan kuɗin rajista kowace shekara, ya sha mai da kuɗinsa, ya sayi tikitin liyafa, ya kawo kyautar da za a sa a tambola, wato ƙuri'ar cin kyaututtuka, sannan ya sa hannu a aljihu ya sayi tikitin tambolar.

Daren liyafa

Kuɗin haya da na buga takardu daga tarurruka suke fitowa. Da bazara wani mai hali zai buɗe lambun gidansa a sha shayi da kek. Da sanyi a yi daren kacici-kacici ko cin abincin Indiya, sau ɗaya a shekara kuma a yi babbar liyafa a gayyato minista ko wani jigo.

Ƙaramar liyafar ta fi nuna halin wurin. Ana yin ta a ɗakin taron ƙauye, yawanci daren Juma'a. Tun da yamma mata biyu sun shimfiɗa shuɗin ƙyalle a kan tebura. Jama'a na shigowa suna karkaɗe lema, ma'aji na bakin ƙofa da gwangwanin biskit da ya mayar asusu. Abincin soyayyen kifi ne da dankali, an naɗo shi a takarda daga shagon da ke bakin titi. Ana gamawa shugaba zai ƙwanƙwasa kofi da cokali, ɗan majalisa ko ɗan takara ya miƙe ya yi ɗan jawabi. Daga nan sai tambayoyi, kuma a nan ne zai gane kurensa. Wannan ya tambaye shi ramukan hanyar ƙauyensu, waccan ta tambayi gidajen da ake shirin ginawa a gonaki, manomi ya tayar da maganar harajin gado, wani ya kawo ta baƙin haure masu tsallako teku a kwale-kwale. Da sunansa na yanka suke kiransa, kamar ɗan da suka raina. A ƙarshe a yi gwanjo, inda kwalbar giya mai ɗauke da sa hannun wani tsohon Firaminista kan tashi a ninkin kuɗinta. Kafin goma da rabi an tattara kujeru, wanda ya yi jawabin ma ya kama.

Asalin al'adar

Ba halin kirki ne kawai ya kawo wannan tsari ba, doka ce ta tilasta shi. Har tsakiyar ƙarni na 19 sayen ƙuri'a da giya da kuɗi ruwan dare ne a Ingila. A 1872 aka koma kaɗa ƙuri'a a asirce, a 1883 kuma aka yi dokar da ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe da yawan mutanen da zai ɗauka aiki. Da aka toshe hanyar haya, dole aka nemi masu yi don ra'ayi. A shekarar ce Lord Randolph Churchill, mahaifin Winston, da abokansa suka kafa ƙungiyar Primrose League, wadda ta jawo jama'a da shan shayi da wasanni, ta kuma sa mata cikin yaƙin zaɓe shekaru 35 kafin su sami ikon zaɓen 'yan majalisa a 1918.

Gyara na biyu ya zo bayan kayen da jam'iyyar ta sha a 1945. Kafin lokacin mai kuɗi kan sayi takara ta hanyar ɗauke wa reshe dukan ɗawainiyarsa. Kwamitin David Maxwell Fyfe ya hana ɗan takara ba reshe fiye da fam 25 a shekara, ɗan majalisa kuma fam 50. Reshe ya koma neman kuɗinsa da kansa, ya kuma sami bakin magana, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 1953 jam'iyyar ta ce tana da 'ya'ya miliyan 2.8. Ɓangaren matasanta ya yi suna wajen haɗa aure saboda yawan raye-rayensa. Margaret Thatcher ma a wajen liyafar tsayar da ita takara a Dartford, a 1949, ta haɗu da mijinta Denis.

John Major ta wannan ƙofa ya shigo. Yana matashi yakan hau akwatin katako a kasuwar Brixton ya yi wa masu wucewa jawabi. A ƙarshen 1966 bankin da yake wa aiki ya tura shi Jos, inda haɗarin mota ya ragargaza masa gwiwa ya koma gida. A 1968 ya ci kansila a Lambeth, a 1990 ya zama Firaminista.

Safiyar Asabar

Aikin da ya fi kowanne shi ne na Asabar da safe, kuma kamar gayya yake: a haɗu, a raba layuka, kowa ya kama nasa. Kashi biyu ne. Akwai masu raba takardar labaran reshe, wadda galibi hoton kansila ne yana nuna rami a hanya ko yana tsaye gaban tashar bas. Kowace ƙofa tana da kafar jefa wasiƙa, bayan kafar kuma sau da yawa akwai kare. Shi ya sa tsofaffin hannu ke yawo da cokalin katako suna tura takardar da shi.

Kashi na biyu masu ƙwanƙwasa ƙofa ne. Suna ɗauke da jerin sunayen masu zaɓe, a takarda ko a waya. In an buɗe, mutum zai ja da baya kaɗan, ya faɗi sunansa da wanda ya aiko shi, ya tambayi ko akwai abin da ke damun mai gida a unguwa, sannan ya tambaya ko za su iya sa ran ƙuri'arsa. Sabon shiga yakan tsaya gardama. Tsohon hannu ya san ba musu ya kawo shi ba, ya zo ne ya gane na wa ne wannan gida: namu, na abokan hamayya, ko mai shakka. Ya sa alama ya wuce. Wani zai rufe masa ƙofa a fuska, wata tsohuwa kuma da ta kwana biyu ba ta ga baƙo ba za ta riƙe shi da hira har sauran su gama layi.

Doka ta hana biyan mai ƙwanƙwasa ƙofa, ta hana ba mai zaɓe abinci ko abin sha don a juya ra'ayinsa, ta kuma hana sayen tallan siyasa a rediyo da talabijin. A zaɓen 2024 iyakar abin da ɗan takarar mazaɓar karkara zai kashe a makonnin ƙarshe fam 11,390 ne, da ƙarin kwabo 12 na Ingila a kan kowane mai zaɓe, wato kimanin fam 20,000. Abin da kuɗi ba zai yi ba, sai ƙafa ta yi.

Amfanin alamomin nan sai ranar zaɓe, wadda bisa al'ada Alhamis ce, daga bakwai na safe zuwa goma na dare. A ƙofar kowace rumfa wakili na zaune da furen shuɗin ƙyalle a ƙirji, yana roƙon lambar katin duk wanda ya zo. Ba dole ba ne a ba shi. Kusa da shi wakilan sauran jam'iyyu ne, suna karanta wa juna lambobi suna raba shayi. Lambobin na tafiya falon wani ɗan jam'iyya, a riƙa soke sunan duk wanda ya kaɗa. Da la'asar sai a bi waɗanda suka yi alkawari ba su fito ba, a tuna musu, a ɗauki tsofaffi a mota. Wanda ya raina wannan wahala bai ji labarin gundumar South Blyth ba. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2017 ƙuri'u suka zo kunnen doki a can, aka raba gardama da jan tsinke, ɗan takarar Conservative ya faɗi, jam'iyyar ta rasa rinjaye a majalisar yankin Northumberland da kujera guda.

Ladan wahala

Abin da ɗan jam'iyya ke samu iko ne. Reshe ne ke zaɓen ɗan takarar majalisa daga cikin waɗanda hedikwata ta tantance, kuma 'ya'yansa ba sa wasa da wannan haƙƙi. A Maris 2019 reshen Beaconsfield ya kaɗa wa ɗan majalisarsa Dominic Grieve, tsohon Antoni Janar, ƙuri'ar rashin amincewa saboda matsayinsa kan ficewa daga Tarayyar Turai. A 2024 hedikwata ta ƙaƙaba wa reshen Basildon da Billericay ciyaman ɗin jam'iyya na lokacin, Richard Holden, shi kaɗai ba abokin takara. Ran mutane ya ɓaci, kujerar da a da ake ci cikin ruwan sanyi ya tsira da ita da ƙuri'u 20.

Tun gyaran da shugaban jam'iyyar na lokacin, William Hague, ya yi a 1998, 'yan majalisa ke tace masu neman shugabanci zuwa biyu, 'yan jam'iyya su zaɓi ɗaya. Wannan iko ya nuna kaifinsa a 2022. 'Yan majalisa sun fi son Rishi Sunak, amma 'yan jam'iyya suka ba Liz Truss ƙuri'u 81,326, shi kuma 60,399. Kwana 49 ta yi a matsayin Firaminista, kasuwannin kuɗi suka rikice, ta sauka. Mutanen da ba su kai 200,000 ba ne suka naɗa wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 67 shugaba, kuma har yau ana gardamar ko hakan daidai ne.

Kujerun da babu kowa

Yanzu hirar ofishin ta raguwa ce. A zaɓen 4 ga Yuli 2024 kujerun jam'iyyar suka faɗo daga 365 zuwa 121. Liz Truss ta rasa tata da ƙuri'u 630. Witney da Maidenhead, mazaɓun tsofaffin Firaministoci David Cameron da Theresa May na da, suka koma hannun 'yan jam'iyyar Liberal Democrats, waɗanda suka ƙware a raba takarda gida-gida. Lokacin da aka zaɓi Kemi Badenoch, wadda aka haifa a Landan ta tashi a Legas, shugabar jam'iyya a Nuwamba 2024, masu ikon kaɗa ƙuri'a 131,680 ne kacal. A Mayu 2025 jam'iyyar Reform UK ta Nigel Farage ta ci kansiloli 677, Conservative ta rasa 674.

A kan bene waɗannan alƙaluma fuskoki ne da aka sani. Kansilan da ya faɗi shi ne mai raba takardu a ƙauyuka uku, kuma daga alawus ɗinsa yake taimaka wa asusu. Wanda ya koma Reform maƙwabci ne, ana haɗuwa da shi a coci da kasuwa. Layukan taswirar da a da kowanne ke da mai shi, yanzu wasu babu suna a kansu. Matasa kan zo, amma wanda ke fama da kuɗin haya bai cika ganin kansa a jam'iyyar da manyanta ke adawa da gina sababbin gidaje a bayan garinsu ba.

Hedikwata na iya sayen talla a Facebook, amma ba ta iya sayen mutumin da ya san wace tsohuwa ce ke buƙatar mota ranar Alhamis. Ƙarfin jam'iyyar nan shi ne 'ya'yanta ke ciyar da ita, shi ya sa suke iya tsawata wa shugabanninta. In ta kasa samo waɗanda za su gaji dattawan nan, canza shugaba a Landan ba zai dawo mata da mulki ba.