Daga Agege zuwa ɗakin gwaji: Neman maganin ciwon jiki da ba zai ɓata ciki da ƙoda ba

Tun zamanin da jirgin ƙasa da fataucin goro suka kafa zangon Hausawa a Agege, yawancin sana'o'in unguwar na ƙarfi ne. 'Yan dako, mahautan mayankar Oko-Oba da masu lodin kaya sukan wuni suna aiki, da yamma kuma da yawansu su ratsa kemis su sayi ƙwayar ciwon jiki: asfirin, ibufurofen ko diklofenak. Sauƙin yana zuwa da wuri, amma yawan shan waɗannan ƙwayoyi na iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, musamman ga wanda ya sha zufa bai sha isasshen ruwa ba.

Tushen matsalar wasu sinadarai ne da jiki ke haɗawa da kansa, waɗanda masanin Suwidin Ulf von Euler ya raɗa wa suna furostagilandin a 1935. A 1971 John Vane na Ingila ya nuna cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar hana jiki samar da su, binciken da ya kai shi ga lambar Nobel ta 1982 tare da Sune Bergström da Bengt Samuelsson. Sinadaran da ke kawo zogi da kumburi da zazzaɓi, danginsu ne ke shimfiɗa majinar da ke kare bangon ciki, su kuma buɗa wa jini hanya zuwa ƙoda. Ƙwayar kemis ba ta bambancewa, duka take rage su.

Kowane furostagilandin yana isar da saƙonsa ne ta wani makarɓi da ke jikin ƙwayar halitta, kamar mabuɗi da kwaɗo. An san irin waɗannan makarɓa guda 9, huɗu daga cikinsu ana kiransu EP1 zuwa EP4. Burin masu bincike shi ne maganin da zai taɓa kwaɗo ɗaya tak, ya bar sauran.

A nan ne ƙwayoyin halittar da ake renonsu a ɗakin gwaji ke shigowa. Fitattu su ne CHO, da Theodore Puck ya samar a Amurka a 1957, da HEK293, da aka samar a birnin Leiden na Holan a 1973. Masana kan dasa musu umarnin gado na makarɓi guda, tare da alamar da ke ba da haske idan makarɓin ya motsa. Sai a zuba su a faranti mai ramuka 96 ko 384, a ɗiga wa kowane rami sinadari daban, na'ura ta auna hasken. Da haka ake tace dubban sinadarai kafin a kai ga dabba, balle mutum.

Tarihi ya nuna hatsarin gaggawa. A 2004 kamfanin Merck ya janye Vioxx daga kasuwa bayan an ga yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, duk da an yi shi ne domin sauƙaƙa wa ciki. A ɗaya ɓangaren, maganin ɗigawa na hawan jinin ido, latanofurost, da Amurka ta amince da shi a 1996, yana aiki ne ta makarɓi ɗaya mai suna FP.

Najeriya ma tana da nata tarihin a wannan fage. A 2006 hukumar NAFDAC ta yi wa misofurostol rajista domin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi hakan. Wannan magani kwaikwayon furostagilandin ne da ke sa mahaifa ta tsuke. Daga baya masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello suka gwada rarraba shi ga mata masu haihuwa a gida a ƙauyukan da ke kewayen Zariya.

Cibiyoyin da za su iya ɗaukar aikin tace magunguna suna nan: NIPRD a Idu, Abuja, da NIMR a Yaba, Legas, da jami'o'in tarayya. Sai dai ƙwayoyin gwaji ba su da haƙurin jinkirin ofis. Ana renonsu ne a ɗumin digiri 37, ana adana su a sanyin ruwan naitirojin, kuma ɗaukewar lantarki ko daɗewar kaya a hannun kwastan na iya kashe aikin watanni. Saboda haka jami'in da ke tsara kasafin cibiya, da mai sa hannu a takardar sayen kayan aiki, da hadimin da ke shirya wa minista bayani, duk suna da hannu a nasarar binciken ko rushewarsa.

Kafin sabon magani ya iso, shawarar likitoci ba ta sauya ba: kada a haɗa irin waɗannan ƙwayoyi biyu a lokaci guda, kada a daɗe ana sha ba tare da ganin likita ba, kuma mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko juna biyu ya nemi shawara tukuna.